Dambun Naman Inna Da Bai Shiga Ingila Ba

Zuwa ga 'yan'uwana Hausawa mazauna Yusufari, Nguru, Gashuwa da kewaye, da ma waɗanda neman abinci ya kai su nesa. Tun da na dawo daga Ingila a shekarar 2024, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni a ƙofar masallaci ko a kasuwa ya tambaye ni ba: "Malam, wai me da me ake bari mutum ya shiga da shi a filin jirginsu?" Nakan ba da amsa a tsaitsaye, in faɗi rabi in haɗiye rabi, domin a cikin labarin akwai wurin da ni ne ban kyauta ba. Yau dai na ga ya kamata in zauna in faɗe shi gaba ɗayansa, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Kamar yawancinmu a nan, mu ma zuwa muka yi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, daga ƙasar Damagaram ya taso yana saurayi, ya biyo fataken kanwa har ya yada zango a cikin Mangawa. A zamaninsu raƙuma ke ɗauko kanwa daga kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayin nan, a kai Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun wajen 1930, daga nan jirgin ƙasa ya yi kudu da ita. Mun tashi muna ganin 'yan'uwa suna zuwa daga Nijar da cuku da kilishi da dabino, su koma da gero da busasshen kifi, ba mu taɓa jin an ce abinci yana da takarda ba. Wanda ke zaune a garin da ba na kakanninsa ba ya san darajar tsaraba fiye da kowa, don kusan ita ce igiyar da ke riƙe da zumunci. Idan ka je wa ɗan'uwa hannu rabbana, ko bai faɗa ba, ka san ka rage wani abu.

To 'yar farina, wadda ko a rubuce ba zan kama sunanta ba, tana aikin jinya a wani gari a arewacin Ingila tare da mijinta. Allah Ya sauke ta lafiya ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallar 2024, aka samu ɗa namiji. Suka nema mana biza ni da uwargida don ta je ta kula da mai jego. Yarinyar nan kuwa a hannun mahaifiyata ta tashi, wadda muke kira Inna, tun daga yaye har aure. Inna ta haura shekara 85, idonta ya yi rauni, amma ragon layyarta ita take kiwonsa da kanta a bayan ɗaki, da dusa da harawar wake. Da aka yanka shi a shekarar nan sai ta sa aka ware mata tsokar cinya duka biyu, ta ce kada wanda ya taɓa. Kwana biyu tana zaune a gindin murhu, jikoki na daka mata, ita kuma tana juyawa tana ɗanɗana yaji, har ta haɗa dambun nama cike da wata babbar roba. Ta aika rugar da ke kusa da mu aka kawo mata man shanu, ta soya shi da albasa ta ɗura a kwalba. Ta ce, "Wannan na kishiyata ne. Mai jego ba ta yin ƙarfi da burodi."

Ana cikin haka yarinyar ta bugo waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, don Allah kada ku taho da nama ko wani abu na madara, ko man shanu ne. Ba sa bari, kuma idan aka kama mutum ya ɓoye akwai tara." Na ce na ji. Da daddare na shiga ɗakin Inna da niyyar in gaya mata, na tarar tana naɗe robar da tsohon zanenta tana ƙulle bakin da kyau. Na fara da cewa, "Inna, an ce Turawan nan suna da tsanani a kan nama." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Naman layya ne fa, Malam. An ambaci sunan Allah a kansa. Ko Turawan ba sa haihuwa ne?" Jama'a, a nan bakina ya mutu. Ni da na shekara talatin ina tsayawa gaban aji, na kasa gaya wa tsohuwa magana ɗaya. Na karɓi robar da hannu biyu na ce Allah Ya saka da alheri.

Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su. Wani ya ce in cusa robar a tsakiyar manyan riguna. Wani ya ce in naɗe ta da takardar nan mai ƙyalli, wai na'ura ba ta gani. Wani Alhaji ya rantse mini cewa ƙaninsa ya sha wucewa da kilishi ba a taɓa tsayar da shi ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka ƙasar, amma kowa yana magana kamar a can aka yanke masa cibiya. Ni ma da yake abin da nake son ji ke nan, sai na bi ta farko, na binne dambun da kwalbar man shanun a cikin jakar tufafina.

Sauran kayan a jaka daban muka zuba su. Na je kasuwar Gashuwa na sayi bandar tarwaɗa wajen wani mutum da na amince ba ya fesa wa kifinsa fiya-fiya. Uwargida ta haɗa garin kuka, garin busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, garin kunu, soyayyiyar fara, zuma kwalba ɗaya, dabino, da ɗan ƙullin kanwa ta nan gida. Muka bi ta Nguru da Haɗeja zuwa Kano, muka kwana, washegari muka wuce Abuja. A filin jirgi akwai jami'an hukumar da ke duba kayan gona da na dabbobi masu shiga da fita, wato NAQS, wadda aka sa hannu a dokar kafa ta a 2018. Aikinsu ne su duba irin waɗannan kaya su ba da takardar shaidar lafiyarsu. Na kai musu jakar kifi da su kuka, suka duba. Jakar tufafi kuwa ban ce komai a kanta ba. Wannan shi ne ɓoyo na farko.

A cikin jirgi barci ya ƙaurace mini. Sai lissafi nake yi: idan an tambaye ni, me zan ce? In ce babu, alhali akwai? Da furfurata, a kan hanyar zuwa ganin jika, in fara da ƙarya? Uwargida ta lura da ni, ta ce a hankali, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sun karɓe sun karɓe. Kada ka ja wa yarinyar nan abin kunya a garin da take aiki." Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, domin sunanta da adireshinta ne a kan takardun gayyatarmu.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, idan ka ɗauki kayanka a filin jirginsu za ka tarar da hanya biyu. Mai alamar kore ta wanda ba shi da abin bayyanawa ce, mai alamar ja kuma ta wanda yake ɗauke da abin da ya kamata a gani. Bin koriyar hanya kansa tamkar ka ce ba ka da komai ne, ko ba ka buɗe baki ba. Muka tura kayanmu muka nufi ja, gabana na faɗuwa. Wani jami'i ya sa safar hannu, ya ce mu buɗe, ya dinga fito da kaya ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Kifin ya juya shi, ya ga busasshe ne ƙarau ba tsutsa, ya ajiye gefe. Kuka da kuɓewa da garin kunu da yaji duk suka wuce. Daddawa ta sa ya ɗan ja da baya, amma ita ma ta wuce. Kanwa ce ya daɗe yana kallo, na yi masa bayani cewa wani irin gishiri ne da ake haƙowa a garinmu, ya mayar mini. Da ya zo kan fara na ɗauka a nan za a yi ta, sai ya auna nauyinta a hannu kawai ya ajiye tare da zuma da dabino.

Sannan na zuge jakar tufafi da kaina na fito da ƙullin zanen Inna. Ya tambaye ni mene ne, na ce naman rago ne da mahaifiyata ta yi wa jikarta mai jego. Ya ce ya fahimta, kuma ya yi mini godiya da na bayyana, amma nama da duk abin da aka yi da madara ba sa shiga daga ƙasashenmu, dafaffe ne ko busasshe, kuma za a lalata su ne. Ya ce da na bi ɗaya hanyar aka same su, da maganar ta wuce karɓewa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar mini zanen. Ya kwance shi a hankali ya miƙo mini, ya jefa robar da kwalbar a wani babban mazubi. Wato dai fara ta samu biza, ragon layya bai samu ba.

Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin farko da haushi na yi su. Ina ganin wulaƙanci ne da ƙyamar abincinmu. Surukina ne ya zaunar da ni wata rana bayan sallar isha'i ya ba ni tarihin abin. A 2001 ciwon ɓoru, wanda ke kama baki da kofaton dabba, ya ɓarke a Birtaniya. An gano ya fara ne daga wata gonar aladu a arewacin Ingila inda ake ba su ragowar abincin da ba a dafa yadda doka ta ce ba, kuma binciken hukuma ya karkata ga cewa cutar ta shigo ne cikin naman da aka kawo daga waje. Kafin a shawo kanta sai da aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, aka dinga tara su ana ƙonawa a gonaki, har babban zaɓen ƙasar aka ɗage daga watan Mayu zuwa Yuni. Ƙwayar cutar tana iya daɗewa a cikin ɓargo da madara da naman da aka busar ko aka sa wa gishiri. Jami'in da ke tsaye a filin jirgi kuwa ba shi da hanyar sanin wane nama ne ya dahu sosai, wane ne bai dahu ba, don haka aka hana duka. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a watan Afrilun 2025, da cutar ta sake ɓulla a wasu ƙasashen Turai, sun hana matafiya daga Tarayyar Turai ma shiga da nama da cuku.

Da na natsu sai na ga ai mu ne ya fi kamata mu gane wannan magana. Ciwon bushiya da ya share shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, cikin shanun da sojojin Italiya suka sauke a gaɓar Eritiriya a 1887 ya shigo, cikin 'yan shekaru ya iso ƙasashen Tafkin Chadi, Fulani da yawa suka wayi gari ba ko saniya ɗaya. Ya sake dawowa a wajen 1983, wannan kam da idona na ga mushen shanu a bakin hanya, kuma sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da shi daga duniya. A watan Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, aka yi ta kashe kaji. A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har tumatir ya gagari talaka. Duk waɗannan baƙi ne da wani ya shigo da su, ko suka shigo da kansu, ba wanda ya tare su a ƙofa. Gaskiya ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sauka a Dagona kusa da Gashuwa, inda Yarima Philip ya ziyarta a 1989, ba mai tambayar su fasfo. Amma don ba ka iya tsare sama ba, ba ka bar ƙofar gida a buɗe ba.

Akwai kuma laifin da yake namu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma an sha tsawaita dakatarwar. A 2018 Amurka ta dakatar da shigar da tarwaɗar Najeriya ta kasuwanci. Duk wanda ya san kasuwar kifi da ta wake a yankin nan ya san abin da wasu ke yi don kada ƙwari su taɓa musu kaya. Abin da Bature ya ƙi karɓa, mu da 'ya'yanmu muke cinye shi.

Ga abin da na tabbatar, don masu niyyar tafiya. A Birtaniya, mai zuwa daga Najeriya ko Nijar ba ya shiga da nama kowane iri: kilishi, dambu, tsire, banda, ƙauri, duk ɗaya ne. Haka madara, cuku, man shanu da kindirmo. Kifi kuwa an yarda har kilo 20 ga mutum ɗaya, busasshe ko banda, in ɗanye ne a cire kayan ciki. Zuma da irin su fara ba a wuce kilo 2. Dabino, mangwaro, ayaba, kwakwa da abarba suna wucewa ba takarda, amma yawancin ɗanyun kayan lambu da iri na shuka sai da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka taso. Wanda ya ɓoye aka kama, tararsa a Ingila tana iya kai fam 5,000, ko a gurfanar da shi.

A Amurka ana tambayar ka ko kana ɗauke da abinci, kuma suna da karnuka da aka horar don shinshino shi a cikin jaka. Nama ba ya shiga, har dunƙulen miya mai ɗauke da sinadarin nama yana iya tsayawa. Ɗanyar shinkafa ma, ko ta Gashuwa ce mai kyau, tun 2011 sun hana matafiya daga ƙasashe irin namu shiga da ita saboda wani ƙwaron hatsi da ake kira kafra. Rashin bayyanawa yana iya jawo tarar da ta kai dala 10,000. Ostireliya ma tana da tsanani sosai: a 2022 wani matafiyi da ya taso daga Bali ya sauka a Darwin da ɗan burodi mai nama da ƙwai a jakarsa bai faɗa ba, aka ci shi tarar dalar ƙasar 2,664. Maniyyata kuma sun san gargaɗin da Hukumar Alhazai ta ƙasa ke yi kowace shekara a kan goro, domin Saudiyya ta hana shiga da shi. Sannan kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba, wadda sai a Afrilun 2019 aka sake ta bayan an gano ba ta da hannu. Dokokin nan suna canzawa, don haka kafin ka ɗaure kaya ka sa wanda za ka je wurinsa ya duba maka abin da ake ciki a lokacin.

Saura maganar Inna. Wata biyu muka yi, kuma duk lokacin da aka haɗa su a waya takan tambayi kishiyarta ko dambun ya yi yaji, yarinyar kuma sai ta kauce da zancen jariri. Uwargida ta sayi naman rago a shagon wasu Musulmi ta yi mata wani, ta ci ta yi santi, amma ta ce ba hannun Inna ba ne. A hanyar dawowa na yi ta shirya yadda zan ce an ci an gode. Da na shiga ɗakinta na zauna a bakin tabarma, na fito da zanen na ajiye a gabanta, sai na ji ba zan iya ba. Na gaya mata komai, har da cewa tun kafin mu tashi an faɗa mini ba za a bari ba.

Ta yi shiru tana shafa zanen. Can ta ce, "Ƙonawa suka yi?" Na ce haka suka ce. Ta ce, "Su nasu garken suke tsarewa, ban ga laifinsu ba. Shekarar bushiya saniya ɗaya kawunka ya sayo a kasuwa, ta kashe masa goma sha. Kai ne da ka sani ka yi shiru. Da ka faɗa mini, da almajiran Malam na ba su, ladan ya isa inda naman bai isa ba." Ban sami abin cewa ba sai haƙuri da na ba ta. Har yau idan zan tafi ko da Gashuwa ne takan ce, "A duba jakar Malam, kada ya kai wa wuta tsaraba."

Abin da nake roƙon 'yan'uwa shi ne, kada kunyar iyaye ko ta surukai ta sa mu ɗauki abin da muka san ba zai wuce ba. A gaya musu tun a gida, da lafazi mai daɗi, a nuna musu abin da ake bari, don kuka da kifi da daddawa ma tsaraba ce mai daraja a wurin wanda ya shekara bai gan su ba. Abin da aka ɗauka a busar da shi sosai, a ɗaure shi a leda mai haske, a rubuta sunansa a jiki, a zuba shi a jaka ɗaya wadda za a iya buɗewa nan take. Idan aka isa kuma a bayyana komai, har wanda ake shakka a kansa. A Sallar da ta biyo baya Inna ta sake yin dambu, amma a tsakar gida muka cinye shi, aka ɗauki hotonta da robar a hannu aka tura wa kishiyar tata.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana.